Wasiƙar Kirsimeti daga Landan

Landan, 25 ga Disamba

Zuwa ga Baba da Inna,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Barkanmu da Kirsimeti, Allah ya maimaita mana. Ina fata kuna lafiya, da Yaya da maigidanta da yara, da Auta, da duk mutanen gida. Yaya kuke fama da hunturu? Ni lafiyata ƙalau, sai sanyi da duhu, don a wannan watan kafin ƙarfe 4 na yamma rana ta riga ta faɗi.

Inna ta tambaye ni a waya inda zan yi sujadar bana. A majami'ar St Martin-in-the-Fields na yi, ta Angilikan ce irin tamu, a bakin dandalin Trafalgar, 'yar tafiya kaɗan daga ofishin jakadancin Najeriya. A dandalin ne ake kafa doguwar bishiyar Kirsimeti da birnin Oslo na ƙasar Nowe ke aiko wa Landan kowace shekara tun 1947, don godiya kan taimakon lokacin yaƙin duniya na biyu. Amma ginin majami'ar nake so in ba Baba labari, tun da ku ne maginin gidanmu, ku kuma kuka koya mini in riƙa ɗaga kai idan na shiga ɗaki.

Wurin tsohon wurin ibada ne. Akwai takardar 1222 da ta ambaci majami'a a nan, lokacin da gonaki ne kewaye da ita. A 1542 Sarki Henry na takwas ya sa aka sake gina ta, don kada a riƙa wucewa da gawawwakin waɗanda annoba ta kashe ta ƙofar fadarsa. Da wannan ma ta tsufa, bango da rufi suka lalace, sai aka rushe ta aka ba wani mai zanen gini, James Gibbs, mutumin Sukotlan da ya yi karatu a Roma, aikin sabuwa. Da farko zagayayya ya zana, aka ce masa ta yi tsada. An aza harsashin wadda ke tsaye yanzu a 1722, aka gama a 1726.

Idan mutum ya tsaya a gabanta, zai ce haikalin Romawan dā ne. Ana hawa matakala zuwa wata babbar rumfa ta farin dutse, ginshiƙai 6 a jere, kan kowanne an sassaƙa shi da ganyaye. Salon Korinti ake kiran irin wannan sassaƙa, garin nan da Manzo Bulus ya rubuta wa wasiƙu. A bisansu akwai goshi mai kusurwa uku ɗauke da tambarin sarauta, domin fadar Buckingham tana cikin yankin wannan ikklisiya. Abin da Gibbs ya yi da ya jawo masa surutu shi ne hasumiya. Haikalin Romawa ba shi da hasumiya, majami'un Ingila kuwa ba sa rabuwa da ita. Shi sai ya haɗa biyun, ya dasa ta a bayan rumfar, har ta zama kamar daga cikin rufin ta tsiro, tsawonta wajen mita 59. Masana na lokacin da yawa sun ce bai dace ba. Ni dai a idona ta dace ƙwarai, kuma duniya ta goyi bayansa: bayan ya buga zane-zanensa a littafi a 1728, magina a Amurka da Indiya da wasu ƙasashe suka yi ta kwaikwayonsa. Fararen majami'un Amurka masu rumfa da tsinin hasumiya da muke gani a hoto, yawancinsu jikokin wannan ne.

Ciki kuwa haske ne ya fi ba ni mamaki. Tagogin manya ne, gilashinsu garau, ga bene na zama hagu da dama. Rufin ya lanƙwaso a hankali, ya tuna mini da ɗaurin guga irin na soron da Baba ya yi wa Kaka, sai dai wannan an yi masa ado da farar ƙasa da ruwan zinariya, aikin wasu Italiyawa biyu, Artari da Bagutti. Gibbs da gangan ya ƙi yin rufin rabin da'ira, ya kwantar da shi, don ya lura murya ta fi fita a haka. Gaskiyarsa ne, daga kujerar baya ba kalmar mai wa'azi da ta kuɓuce mini. Tagar da ke bayan bagade sabuwa ce, ta 2008, wata mai zane haifaffiyar Iran, Shirazeh Houshiary, ta tsara ta: layukan ƙarfe ne da suka karkace suka fitar da siffar gicciye. Ta dā bam ne ya fasa ta a lokacin yaƙin duniya na biyu.

Doka na kare ginin. Yana cikin aji na ɗaya na gine-ginen tarihin Ingila, kuma cikin duk 100 da aka yi wa rajista, waɗanda ke wannan aji ba su kai 3 ba. Ko limamin wurin ba shi da ikon fasa bango ko canza taga sai da rubutaccen izini. Wannan bai sa an bar shi ya daskare ba. Daga 2006 zuwa 2008 an kashe fam miliyan 36 wajen gyara, kuma da suka buƙaci ƙarin ɗakuna, ƙasa suka haƙa suka yi su a ƙarƙashi, suka bar tsohon gini yadda yake. A wajen haƙan ne ma aka tono kabarin dutse na zamanin Romawa.

Abin da ya sa nake ƙaunar wurin ya wuce dutse. Martin ɗin da aka sa wa majami'ar sunansa sojan Roma ne da ya raba mayafinsa biyu da takobi ya ba wani mabaraci rabi a cikin sanyi. A yaƙin duniya na ɗaya limamin wurin, Dick Sheppard, ya buɗe ɗakin ƙarƙashin ƙasa don sojojin da ke sauka a tashar jirgin ƙasa ta Charing Cross su sami wurin kwana. Har yau aikin bai tsaya ba. Akwai cibiyar marasa matsuguni a jikin majami'ar, kuma duk Disamba ana neman taimako dominsu ta rediyon BBC. A sujada za ka ga mai kwat da mai ɗauke da bargonsa a benci ɗaya. Baƙo irina ya san darajar wannan.

Baba, Yaya ta gaya mini kwamitin gini na shawarar rushe tsohuwar majami'armu ta ƙasa don a sami filin sabuwa. Na san jama'a ta ƙaru, na san wahalar yaɓe duk bayan damina. Amma ina roƙonku, tun da ana jin maganarku, ku ce a bar ta. A gina sabuwar a gefen makaranta, tsohuwar ta zama ta addu'ar safe da zumuntar mata. Ku duba ta St Bartholomew a Wusasa, ita ma ta ƙasa ce, ga ta nan tsaye, mutane na zuwa daga nesa don ganinta. Masu iya ɗaura azara irin ta tamu sun kusa ƙarewa, idan ta faɗi ba mai sake yin irinta. Kuɗin yaɓen bana da gyaran indararo ni zan ɗauka, ku faɗa wa kwamiti haka.

Na tura saƙo ta asusun Yaya. A cire na shinkafa da akuya, a ɗinka wa yara, a kai wa maƙwabtanmu su Alhaji abincin Kirsimeti kamar yadda aka saba, ragowar na maganin Inna ne. A gaishe mini da Rabaran da iyalinsa, da Kawu, da Gwaggo. Auta ya turo mini hoton majami'ar ciki da waje, musamman rufin. Zan kira ranar sabuwar shekara bayan kun taso daga sujada.

Allah ya bar mu tare.

Ɗanku mai ƙaunarku