Rahoton Kwamitin Gyaran Gidan Marayun Ɗan'uwanmu a Birnin Katsina

Mai girma shugaba, iyayen ƙungiya, masu gida da yaransu, assalamu alaikum.

Wannan shi ne bayanin kwamitin da babban taronmu na masu aikin wayarin ya ɗora wa alhakin gyaran gidan ɗan'uwanmu marigayi, wanda ruwan marka ya kayar wa iyalinsa da ɗaki da katanga a daminar da ta wuce. Babban aikin ya kammala, iyali sun koma ɗakinsu. Ba mu sa sunansa ko na unguwa ba, tun da rahoton zai yi yawo a wayoyin mutane, kuma rufin asirin marayu ya fi mana komai.

Ga yaranmu da ba su san shi sosai ba, marigayi tsohon mai hawa falwaya ne tun zamanin NEPA. Yana nan aka mayar da ita PHCN a 2005, yana nan kuma aka miƙa rarraba wutar Kano da Katsina da Jigawa ga KEDCO ranar 1 ga Nuwamba, 2013. Yana cikin ɗimbin ma'aikatan da aka sallama a lokacin, sai ya ɗauki tsaninsa da filayarsa ya shigo cikinmu. Da yawa daga cikin masu shago a yau a hannunsa suka koyi feɗe waya.

Da muka je gidan, abin da muka tarar ya fi abin da aka faɗa mana. Ginin ƙasa ne, indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a soro har azara ta ruɓe. Katangar da ta faɗi ta janyo wayar da ke kai wuta ɗaki, ga ta nan a tsakar gida an naɗe bakinta da leda, yara suna tsallakawa. A ranar muka yanke ta, ba mu jira wani zama ba.

Zaman farko kuwa an sha gardama. Wasu suka ce a tara kuɗi a damƙa wa matar marigayi, ita ta san ciwon kanta. Wasu suka ce kuɗi a hannun mai takaba da bakuna a gabanta abinci za su zama, kuma ba laifinta ba ne, amma ɗaki zai kai wata damina a kwance. Ra'ayi na biyu ya yi rinjaye, da sharaɗin a ware wani abu na hatsi. Sai wani dattijonmu ya tayar da maganar da ba wanda ya yi tunaninta: ba a riga an raba gado ba. Idan muka zuba siminti a gidan, wa muka yi wa? Don haka kafin a sauke ko bulo ɗaya, muka zauna da ƙanin marigayi da limamin unguwa a gaban mai unguwa, aka rubuta cewa aikin kyauta ne ga magada, ƙungiya ba ta bin kowa bashi, kuma ba ta da ko taku ɗaya a gidan. Kwafin takardar yana wurin sakatare. Muna ba duk kwamitin da zai zo bayanmu shawarar ya fara da irin wannan.

Kuɗin sun fito daga asusun taimakon juna, da karo-karon da aka yi a shaguna, da abin da 'yan kasuwa masu sayar mana da kaya suka bayar. Kowa ya san yadda farashin siminti da kwano da kuɗin tifa suka koma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, don haka lissafinmu na farko bai kai ko'ina ba. Abin da ya cece mu gayya ce. Magini da kafinta kawai muka biya, su ma sun yi ragi. Kwaɓa da ɗaukar bulo da ban ruwa duk yaranmu ne. Kowane maigida ya riƙa turo yaro ɗaya a ranar da aka ba shagonsa, ya kuma biya shi kuɗin abincinsa kamar yana wurin aiki. Dalla-dallar abin da ya shigo da abin da ya fita, da rasiɗai, ma'aji ya manna su a allon ofis. Mai tambaya ya je ya duba, kada ya tsaya yi da mu a majalisar shayi.

An tayar da ɗaki da bulo daga tushe, an yi linta, an rufa da kwano, an yi silin da filasta da daɓe. An mayar da katanga, an kuma fitar da magudanar ruwa zuwa kwata.

Sai ɓangarenmu. A nan ne kwamiti ya ƙi sassauci, domin abin kunya ne a ce gidan mai wayarin ya kama da wuta. Tsohon wayarin gidan, Allah Ya jiƙan mai shi, guntaye ne da ya riƙa dawowa da su daga wuraren aiki, haɗi a kan haɗi, fis ɗin ma an ɗaure shi da zaren waya mai kauri wanda ba zai taɓa tsinkewa ba sai dai gida ya ƙone. Kada wani ya yi dariya. Kowa ya leƙa ɗakinsa. Mun cire tsohon wayarin gaba ɗaya, har na ɗakunan da ba su faɗi ba.

An fasa bango an binne bututu, aka zura waya mai milimita 1.5 ga fitilu da fanka, mai 2.5 ga soket, kowane layi da burekarsa a akwatin raba wuta. Wani ɗan'uwa ya kawo nadin waya kyauta, da niyya mai kyau. Nadin ya yi sauƙi a hannu, sai wani yaro ya kankare bakin da wuƙa, ja ya tafi, fari ya bayyana: alminiyam ne aka shafe da jan ƙarfe. Irin wannan ba ta ɗaukar nauyin da aka rubuta a jikinta, tana zafi, kuma tana saki a bakin sukuru. Mai kyautar ma cutarsa aka yi. Muka ajiye ta a ofis don nuna wa masu koyo, muka sayi ta gaske.

Wayar ƙasa, wato wadda ake haɗawa da sandar ƙarfe da aka kafa a ƙasa don ta kwashe yoyon wuta, ta ci mana lokaci. Ƙasar Katsina rairayi ce, da rani tana bushewa ƙayau, sandar da aka kafa a busasshen wuri kuwa ado ce kawai. Dattawa suka ce a zuba gawayi da gishiri kamar yadda aka saba. Matasan da suka yi karatu a kwalejin kimiyya da fasaha ta Hassan Usman suka ce gishiri na cinye sandar a hankali, shekaru kaɗan ta zama tsatsa ba wanda ya sani. An daidaita a kan a kafa sanda mai tsawo kusa da makwararar ruwan wanke-wanke inda danshi ba ya yankewa, a sa gawayi, a bar gishiri, sannan a auna da na'ura. An kuma sa bureka mai gane yoyon wuta, mai miliamfiya 30, wadda ke katsewa nan take idan wuta ta bi jikin mutum. Tana da tsada, wasu sun ce almubazzaranci ne. Gida ne mai ƙananan yara da hitar dafa ruwa a bokiti. Ba mu saurare su ba. Ɗan'uwanmu mai shaidar NEMSA, hukumar gwamnati mai duba ingancin aikin lantarki, shi ya duba aikin ƙarshe.

Akwai maganar da dole mu faɗa. Wani ya raɗa mana cewa, saboda tausayi, a zagaye wa marayu mita. Kwamiti ya ƙi. Ranar da aka gano, tara da yanke wuta a kan matar za su faɗa, mai shawarar yana gidansa. Mun mayar da ƙwayayen gidan duka masu ƙarancin cin wuta, mitar kuwa ba mu taɓa ta ba, aka bi hanya aka nemi masu ita suka zo suka gyara mata zama.

A nan ne ma muka ga abin da ya daɗaɗa mana rai. Tsakaninmu da ma'aikatan kamfani ba a rasa 'yar tsama: su ce mu ke ɓata layi, mu ce su ke raina mu. Suna da ƙungiyarsu ta ƙasa, NUEE, mu muna da tamu. Amma da labari ya kai ga tsofaffin abokan hawan marigayi, sai ga su ranar hutunsu, ba da sunan ofis ba, da buhun siminti a bayan babur. Ɗayansu, da furfurarsa, ya ƙi sauka daga tsani har la'asar.

Abin da ya saura: ƙofar banɗaki ba a sa ba, kafinta ya yi alkawarin mako mai zuwa. Ragowar bulo da rabin nadin waya suna ofis, taro zai yanke yadda za a yi da su. Babban ɗan marigayi ya nuna sha'awar sana'a, mataimakin shugaba ya karɓe shi ba kuɗin koyo, bisa sharaɗin bayan an tashi makaranta zai riƙa zuwa. Asusun taimakon juna kuma ya yi ƙasa sosai, don haka masu bashin kuɗin wata su zo taro na gaba da shirinsu.

Allah Ya jiƙan ɗan'uwanmu, Ya raya abin da ya bari.

Sakataren kwamiti, a madadin sauran wakilai.