Zuwa ga ɗiyata: ki nuna wa AI misali, kuma ki sa masa alama

Assalamu alaikum ɗiyata, ya karatu ya kasuwa? Mamanki ta nuna min amsoshin da kike tura wa masu sayen humra da turaren wutarki a WhatsApp, da gani na san ChatGPT ne ya rubuta, wato manhajar AI ɗin nan (ƙirƙirarriyar basira) mai amsa tambaya a rubuce, Hausar ta yi tauri, babu ko gaisuwar kirki, kuma kin san mutanenmu na Katsina in ba a gaishe su da kyau ba cinikin ma sai ya fita ransu.

Kina ce masa "ka amsa cikin ladabi" kawai, to ladabin wa? Ko tela kika je wa, kwatance da baki bai kai ki miƙa masa rigar da kike son irinta ba. Tun 2020 da OpenAI, kamfanin da ya yi ChatGPT, suka fito da wani AI nasu mai suna GPT-3 aka ga cewa ƴan misalai kaɗan a cikin saƙo sun isa su sa shi ya kama hanya ba sai an sake horar da shi ba, su kamfanin Anthropic masu Claude, wani AI irin ChatGPT, ma shawararsu misali 3 zuwa 5 ne, kowanne cikin alamarsa, wato kalmar da ake sawa a farkonsa da ƙarshensa don a ware shi. Ki ɗauko tsofaffin hirarrakinki waɗanda kika amsa da kanki, ki jera haka:

<misali>
<tambaya>Humrar nan ba ragi?</tambaya>
<amsa>Hajiya sannu da gida, wallahi kayan haɗi sun hau, amma in biyu za ki ɗauka zan ɗan rage miki.</amsa>
</misali>

Dalilin alamar shi ne duk abin da kika rubuta masa a dunƙule yake karanta shi, in ba ki raba ba sai ya rasa ina umarni ya ƙare ina misali ya fara, wani lokaci ma ya koma amsa tsohuwar tambayar ya bar ta yau. Sunan alamar ba dole sai na Turanci ba, na Hausa ma yana yi, ki dai riƙe iri ɗaya kuma duk wadda kika buɗe ki rufe ta.

Inda nake so ki fi kula, abin nan kwaikwayo gare shi sosai. In duk misalanki da "Hajiya barka da rana" suka fara to haka zai ce wa namiji da tsakar dare. Ki gauraya su, ɗaya mai neman ragi, ɗaya mai faɗa don kaya bai iso ba, ɗaya mai son a kai masa Daura ko Funtua ta tasha, sannan ɗaya da kika ce kayan ya ƙare, don in bai taɓa ganin kin ce babu ba zai iya yin alkawarin abin da ba ki da shi, kuma wannan haƙƙi ne a kanki. Kuɗin kaya ki ba shi tasa alamar daban, <farashi>, ki riƙa sabuntawa kar ya kwaso tsohon kuɗi daga misali.

Dan Allah ki goge sunayen mutane da lambar waya da ta akawun kafin ki liƙa, amana ce suka ba ki. Kuma kowace amsa ki karanta da idonki kafin ta tafi. In kin zo gida Juma'a ki taho da kwamfutar mu haɗa su tare. Allah ya yi miki albarka.

Babanki