Internet Society, ƙungiyar da ke tsaron ƙa'idojin intanet, da rabon matasan zango a cikinta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in yi magana kan wani abu da ya tsaya mini a rai tun ranar 14 ga Maris, 2024, a farkon watan azumi, lokacin da wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Yammacin Afirka, har harkoki da yawa suka tsaya cak daga Accra zuwa Kumasi. A majalisun Asawase da Aboabo kamfanonin waya kowa yake tsine wa, amma wani ɗalibina ya yi mini tambayar da ta fi tsinuwa amfani, ya ce: "Malam, wai su wane ne masu intanet ɗin nan?"

Amsar ita ce babu mai ita. Dubban hanyoyin sadarwa ne na jami'o'i da kamfanoni da gwamnatoci suka yarda su yi magana da juna bisa ƙa'ida ɗaya, kuma asalin abin a hannun masu bincike yake. A 1969 aka haɗa kwamfutocin cibiyoyin bincike huɗu a Amurka da hanyar da ake kira ARPANET, sannan a farkon 1983 aka koma amfani da ƙa'idar TCP/IP wadda Vint Cerf da Bob Kahn suka tsara. Tun 1986 wani taron injiniyoyi mai suna IETF ke rubuta irin waɗannan ƙa'idoji, yana wallafa su kyauta don duk mai so ya karanta ya yi aiki da su. Sai dai a farko taron ba shi da rajista a gaban doka, kuma ya dogara da kuɗin bincike na gwamnatin Amurka, wanda ake fargabar yankewarsa. Wannan ne ya sa a 1992 Cerf da Kahn da abokan aikinsu suka kafa ƙungiyar Internet Society, domin ta zama inuwar da aikin zai fake a ƙarƙashinta, ta nemo masa kuɗi, ta kuma yaɗa ilimin haɗa kwamfutoci zuwa ƙasashen da bai kai ba tukuna.

A ganina wannan aiki na ƙarshe shi ya fi shafarmu. Daga farkon shekarun 1990 ƙungiyar ta riƙa shirya bita ga injiniyoyin ƙasashe masu tasowa, kuma da yawa daga cikinsu sun koma gida sun jona ƙasashensu da duniya. Mu a Gana muna da Farfesa Nii Narku Quaynor, wanda kamfaninsa na Network Computer Systems ya kawo wa ƙasar nan cikakkiyar intanet a 1995, tun yawancin maƙwabtanmu ba su samu ba. Yana cikin waɗanda suka assasa AfNOG a 2000, taron da ke horar da masu kula da hanyoyin sadarwa na Afirka, da kuma AFRINIC mai raba adireshin intanet ga nahiyar. A 2007 Internet Society ta ba shi lambar yabo ta Jonathan Postel. Abin takaici, na tambayi ɗalibai a aji, kusan dukkansu sun san sunan mai Facebook, amma babu wanda ya taɓa jin sunan wannan dattijo da ke nan ƙasarmu.

Har yau masu bincike suna da nasu hanyoyi na musamman. GARNET ce ke haɗa jami'o'in Gana, WACREN kuma, wadda hedikwatarta ke Accra, tana haɗa irin waɗannan hanyoyi na Yammaci da Tsakiyar Afirka, ta yadda malami a jami'ar KNUST ta Kumasi zai iya musayar bayanai masu nauyi da takwaransa na wata ƙasa ba tare da ya dogara da datar wayarsa ba. Haka nan matattarar musayar intanet ta Gana da aka buɗe a Accra a 2005 tana sa saƙon da ya tashi daga Nima zuwa Kumasi ya bi ta cikin gida maimakon ya zaga Turai ya dawo. Ranar da teku ta yanke mu ne mutane suka gane darajar wannan.

Ba na cewa ƙungiyar Internet Society ma'asuma ce. A 2019 ta amince ta sayar da hukumar da ke riƙe da adireshin intanet masu ƙarewa da .org, wadda daga gare ta take samun mafi yawan kuɗinta, ga wani kamfanin zuba jari a kan fiye da dala biliyan ɗaya. Mambobinta da ƙungiyoyin sa-kai suka yi ca a kanta, har ICANN, hukumar da ke kula da sunayen adireshin intanet a duniya, ta ƙi amincewa da cinikin a 2020. Waɗanda ke cikin ɗakin ne suka iya ɗaga murya, kuma a nan ne nake ganin giɓinmu, domin yaranmu sun ƙware a gyaran waya da sayar da data, amma da wuya ka ga ɗan zango a inda ake yanke shawara kan hanyar kanta.

Shiga Internet Society kyauta ne ga mutum ɗaya, kuma tana da reshe a Gana. Ina roƙon sarakunan zango da limamanmu su gayyaci wannan reshe ya zo makarantunmu na Asawase da Nima da Sabon Zango ya yi wa ɗalibai bayani, ku kuma, Malam Edita, ku ware shafi ko da sau ɗaya a wata da za a riƙa fassara waɗannan batutuwa da Hausa. A shirye nake in rubuto na farko idan kun amince.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin kwamfuta,
Asawase, Kumasi