Barka da Sallah daga Guangzhou, ƙasar Sin

Assalamu alaikum. Inna, barkanku da Sallah, Allah Ya maimaita mana.

Mun riga ku da awa 7, har mun sauko daga idi ku kuna barci. A masallacin Xianxian muka yi, inda mutanen nan ke cewa kabarin Sa'adu bin Abi Waƙƙas yake. Amma ana fita ƙofa shi ke nan, kasuwa na ci, motoci na gudu, babu mai ce maka barka.

Sai yunwa ta taso, ni da abokin ɗakina muka shiga neman inda za mu ci abincin Sallah. Inna, gidajen abinci a garin nan sun fi a ƙirga, amma naman alade ya yi yawa, har da kitsensa wasu ke suya. Dole sai ka ga rubutun nan nasu mai nufin halal, qingzhen, yawanci a kan koren allo. Shi ma bai isa ba. Mun leƙa wani a unguwar Xiaobei, hotuna rangaɗa-rangaɗa a bango, kujeru wayam, muka yi gaba. Na koyi cewa inda Sinawa da kansu suka cika, kuma mai girki na sanye da farar hula, nan ake zama.

A wani lungu muka dace. Yaron ya ɗauki curin ƙullu yana ja yana ninkawa yana bugawa a tebur, kafin ka ce kwabo ya zama taliya siri-siri. Irin ta garin Lanzhou ce, da romon naman sa da jan man barkono. Muka ƙara da tsiren rago. Wallahi ya yi daɗi, har na yi santi, duk da tsinkayen cin abincin nan sun sha zame mini.

Sai dai ba wainarki ba ce. Ina cikin ci na tuna ki gaban tanda tun asuba, da ta farkon nan mai ƙonannen gefe da kike ajiye mini, da miyar taushe. Na kasa ƙarasa kwanon.

A gaida Baba da kyau, ina neman addu'arsa. A gaida Yaya da matarsa, da su Kawu. Hajiya Kaka kuwa a ce mata mijinta na nan bai yi mata kishiya ba, tana shan maganin ƙafar kuwa? A ce ta daina zama a ƙasa. Auta, goron Sallarki na hannun Yaya, kada ki yarda ya ce bai gani ba. Gwaggo ma ina gaisuwa.

Naku, ɗanku.