Gift Ngoepe Ya Cancanci Fili A Shafin Wasanni

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida mai farin jini, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan wani ɗan wasa da na daɗe ina jiran in ga sunansa a shafinku na wasanni. Sunansa Mpho Gift Ngoepe, mutumin Afirka ta Kudu, kuma shi ne haifaffen nahiyar Afirka na farko da ya buga wasa a babbar gasar besbol ta Amurka da Kanada, wadda ake kira MLB. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, duk wanda ya duba tarihinsa a takarda zai ga wasa 41 kacal ya buga a wannan babbar gasa, daga nan sai ya yanke hukunci cewa mutumin ya je bai taɓuka komai ba. Ni ban yarda da wannan hukunci ba, kuma ina so in faɗi dalilina.

Kafin a auna mutum ya kamata a san irin aikin da aka ɗauke shi ya yi. A filin besbol akwai zango huɗu da aka jera a kusurwoyi huɗu, tsakanin kowane zango da mai bi masa ƙafa 90. Mai jifa yana wurgo ƙwallo, mai bugu ya make ta da kulki, ya jefar da kulkin ya sheƙa zuwa zangon farko. Idan ƙwallon ta biyo ƙasa, akwai mutum huɗu masu tsaron cikin fili da alhakin tare ta ya rataya a wuyansu, kuma aikin da ya fi kowanne wuya shi ne na wanda yake tsayawa tsakanin zango na biyu da na uku, sai na abokin aikinsa da ke gefen zango na biyu. Nan ne wuraren Ngoepe. Mai bugu yakan isa zangon farko cikin daƙiƙa huɗu da 'yan kai. A cikin wannan ɗan lokaci dole mai tsaro ya gane inda ƙwallon ta nufa, ya sha gabanta, ya sunkuya ya cafe ta da safar fata a hannu ɗaya, ya mayar da ita ɗaya hannun, ya kafa ƙafa, sannan ya wurga ta zangon farko ta riga mai gudu isa. Ƙwallon kuwa ba lafiya-lafiya take zuwa ba, tana tsalle ne a kan turɓaya, kuma ɗan tsakuwa guda ya isa ya karkatar da ita zuwa fuskar mutum. Wanda ya ƙware sosai yakan sa abin ya zama kamar ba komai, shi ya sa 'yan kallo ba su cika tuna shi ba sai ranar da ya yi kuskure.

An haifi Ngoepe ranar 18 ga Janairun 1990 a garin Pietersburg, wanda yanzu ake kira Polokwane, makonni kaɗan kafin a saki Nelson Mandela daga kurkuku. Mahaifiyarsa ta sami aikin shara da kula da ginin wani kulob na besbol mai suna Randburg Mets, a yankin Johannesburg, aka ba ta ɗan ƙaramin ɗaki a jikin ginin, kuma a nan ta raini 'ya'yanta. Ke nan yaron ya tashi filin wasa ne tsakar gidansu. A ƙasar da ƙwallon ƙafa da rugbi da kurket suka mamaye komai, kuma besbol ya kasance wasan 'yan tsiraru, yawancinsu farar fata, shi da ya buɗe ƙofa da safe abin da zai fara gani shi ne zanguna da turɓayar cikin fili. Ina ganin a nan hannunsa ya nuna, domin tare ƙwallon ƙasa abu ne da ake koyo ta hanyar maimaitawa dubu bisa dubu tun ƙashi yana ɗanye.

A 2008 aka gayyace shi makarantar horaswa da MLB take gudanarwa a Tirrenia ta ƙasar Italiya, inda masu farautar 'yan wasa na kulob ɗin Pittsburgh Pirates suka gan shi suka ɗauke shi. Da haka ya zama baƙar fata na farko daga Afirka ta Kudu da ya sa hannu a kwantiragin besbol na ƙwararru. Shekara ta zagayo ya wakilci ƙasarsa a gasar duniya ta 2009, yana ɗan shekara 19, kuma a wasansu da Meziko sau biyu yana buga ƙwallon da ta kai shi zango na uku kai tsaye.

Daga nan ne aka shiga dogon zangon da alƙaluman wasa 41 ba su ƙunsa ba. A tsarin besbol na Amurka, ɗaukar ɗan wasa ba ya nufin ya shiga babbar ƙungiya. Kowane kulob cikin 30 ɗin da ke MLB yana da ƙananan ƙungiyoyi hawa-hawa a garuruwa daban-daban, kuma sai mutum ya tsallake su ɗaya bayan ɗaya, alhali duk shekara ana kwararo sababbin matasa masu neman gurbinsa. Ngoepe ya bi ta Bradenton a jihar Florida, ya bi ta Altoona, ya kai Indianapolis wadda ita ce matakin ƙarshe. A waɗancan shekaru albashin ƙananan gasanni bai taka kara ya karya ba, ana biya ne a lokacin kakar wasa kawai, tafiye-tafiye kuma a motar bas ake yin su, wani lokaci a kwana a hanya. Sai a 2022 ne 'yan wasan wannan mataki suka sami ƙungiyar ƙwadago. Mafi yawan waɗanda suke shiga wannan layi suna ajiye safa su koma gida ba tare da sun ga babbar gasa ko da na yini ɗaya ba. Shi kuwa ga nisan gida, ga rashin wani ɗan ƙasarsu da ya riga shi bin hanyar balle ya tambaye shi. A 2013, yana tsakiyar wannan fafutika, Allah ya yi wa mahaifiyarsa rasuwa. Ya koma gida, daga baya ya sake ɗaukar jakarsa ya dawo bakin aiki. Wannan dawowar ita ce ta fi tsaya mini a rai a duk labarinsa.

Ranar 26 ga Afrilun 2017, bayan fiye da shekara takwas, aka kira shi Pittsburgh. A daren ranar suna wasa da Chicago Cubs, waɗanda su ne masu riƙe da kambun gasar a lokacin. A zagaye na huɗu cikin zagaye tara na wasan aka sa shi ya tsare zango na biyu, kuma a wannan zagayen ya tsaya da kulki a gaban Jon Lester, ɗaya daga cikin gogaggun masu jifa na zamanin. Ya buga ƙwallon ta ratsa tsakiyar fili, ya isa zangon farko lafiya, kocin da ke tsaye a wurin, Kimera Bartee, ya rungume shi, abokan wasansa kuma suna ta sowa daga benci. Na sha maimaita kallon wannan bidiyo, kuma har yau idan na ga yadda yake ƙoƙarin danne abin da ke ransa a kan zangon nan, sai jikina ya yi sanyi. Saboda bambancin lokaci, a Afirka ta Kudu an riga an shiga 27 ga Afrilu, ranar da suke bikin 'yanci don tunawa da zaɓen 1994, na farko da mutanen kowane launin fata suka kaɗa ƙuri'a.

Ba zan ɓoye rauninsa ba, domin shi ne ya gajarta zamansa. Bugunsa bai kai tsaronsa ba. A wasa 28 da ya yi wa Pirates ya sami bugu mai kyau, wato wanda ya kai shi zango lafiya, 12 cikin 54, kuma yana yawan kai duka ya kuskure ƙwallo. A ƙarshen 2017 aka sauya masa kulob zuwa Toronto Blue Jays, inda ya buga wasa 13 a 2018 kafin su sallame shi. Sai dai ya kamata a dubi zamanin da ya faɗo ciki. Mark Belanger na Baltimore Orioles, mai tsaron tsakanin zango na biyu da na uku, ya yi kaka 18 a babbar gasa da matsakaicin bugu na .228 (bugu mai kyau 228 cikin kowane dubu), wato kusan daidai da .222 ɗin da Ngoepe ya samu a Pittsburgh, amma ba a sallame shi ba saboda iya tsaronsa, har ya ci lambar gwanin safa, wadda ake ba wanda ya fi iya tsaro a gurbinsa, sau 8. A shekarun 1970 kulob yana iya haƙura da raunin kulki idan hannun mutum yana hana abokan hamayya ci. Daga zamanin Cal Ripken zuwa na Derek Jeter da Alex Rodriguez, waɗanda suka tsare wannan gurbi kuma suka shahara da bugu, aka sauya ma'auni, aka koma neman mai tsaron da zai tare ƙwallo kuma ya yi bugu mai nisa. Ra'ayina shi ne, da Ngoepe ya zo shekara 40 kafin lokacinsa, kuma da an ba baƙar fatar Afirka ta Kudu irin wannan dama a wancan lokaci, da ya daɗe a cikin fili.

Bayan Toronto bai jingine wasa ba. Ya buga a Sydney ta Ostireliya, ya buga a Quebec ta Kanada, daga bisani ya koma aikin horaswa a ƙananan ƙungiyoyin Arizona Diamondbacks. Ƙanensa Victor shi ma Pirates sun ɗauke shi, kuma a 2019 wani ɗan Afirka ta Kudu, Tayler Scott, ya shiga babbar gasa a matsayin mai jifa a Seattle Mariners.

Saboda haka roƙona gare ka, ya Edita, shi ne a ware ko da rabin shafi ne wata rana a ba da labarin wannan bawan Allah dalla-dalla, tare da hoton filin besbol da bayanin inda kowane mai tsaro yake tsayawa, domin masu karatu su ga wurin da ya tsare da idonsu. Idan hali ya yi, a sa shi a makon 26 ga Afrilu.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naka,
Mai bibiyar shafinku na wasanni