Rahoton Ayyukan Ƙungiyar Tsofaffin 'Yan Ƙwallon Kwaleji na Shekarar 2024

'Yan uwa, assalamu alaikum.

Kowa ya san yadda kakar bana ta ƙare wa yaranmu, ɗaliban da ke buga wa kwaleji ƙwallo. Wasa tara suka buga, suka ci ɗaya, suka yi canjaras biyu, aka lallasa su a shida. Zancen zuwa gasar NICEGA, wato wasannin kwalejojin ilimi na Najeriya, kuwa ko tasowa bai yi ba. Na ga yadda aka yi wa koci caa a zauren WhatsApp, wasu har da cewa a sallame shi. To, kafin a sallame shi, a ji abin da aka ba shi ya yi aiki da shi.

Mu 64 ne a rajista. Waɗanda suka biya kuɗin wata cikakke 17 ne, har da ni da ma'aji. Naira 1,000 ce fa a wata, wadda zuwa ƙarshen shekara ko litar fetur ba ta saye. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 hayar bas ta fi ƙarfinmu, amma kuɗin wata yana nan inda yake, shi ma sai an yi ta bin mutum kamar ana bin sa bashin gado. Wasanmu na waje na ƙarshe a ƙananan motoci biyu aka cusa yara 13, suka sauka ƙafafu a sage, bayan rabin sa'a aka hura usur. Mai tsaron gida da takalmin aro ya shiga fili, ya matse shi, ana zuwa hutun rabin lokaci ya cire yana ɗingishi. Ci huɗu da nema aka yi mana. Masu zagin nan babu ko ɗaya a bakin fili ranar.

Aikin gyaran fili bai kammala ba, kuma ba sakacin kwamiti ba ne. Mun sauke tifa biyu ta jar ƙasa, kuɗin leburori ya gagara, damina ta sauka ta kwashe rabi. Riguna kuma mun ba tela kafin alƙalami, kafin mu haɗa cikon farashin yadi ya tashi. Rasit yana wurin ma'aji ga mai son gani.

An yi taron wata sau takwas.

Abin da ya wanke mana zuciya shi ne wasan sada zumunci tsakanin tsofaffi da ɗalibai, ranar Asabar ɗin da ta biyo bayan ƙaramar sallah. Duk da zafin Afrilu, ana idar da la'asar fili ya cika, har kan katanga. Tsofaffi suka fito da tumbi da furfura, minti goma ba a yi ba wasu suka fara roƙon a canza su. Amma tsohon golanmu, wanda ya kusa shekara ashirin bai sa safar hannu ba, ya tare bugun daga kai sai mai tsaron gida, ya tashi jikinsa duk ƙura, ɗalibai suka ɗaga shi sama suna ihu. Yara ne suka ci biyu da ɗaya, kuma ban taɓa jin daɗin shan kashi irin na ranar ba. 'Yan uwanmu mata su suka kawo zoɓo da kunun aya daga aljihunsu, Allah ya saka musu da alheri. Abin da aka tara a kwalin da ya zagaya shi ya saya mana ƙwallaye shida da akwatin magani. Wani abin mamaki, fuskokin da ban gani ba tun zaɓen shugabanni duk sun zo, sun sha zoɓo, sun ɗauki hoto.

Masu bashin kuɗin wata su ga ma'aji kafin taron Janairu, domin a ranar za a karanta sunaye. A nan ne kuma za a nemi wanda zai karɓi littafin nan daga hannuna, don ni dai ba zan sake tsayawa ba.

Wassalam.
Sakatare