Tabaran rana ba ya tare hasken leza

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina gaishe ku da aiki, da fatan iyali suna lafiya.

Ni maɗinkin fata ne a nan Garwa, ƙasar Kamaru. Bara na sayi wata 'yar na'urar leza da ake zana suna da ita a jikin fata, katako da ƙwarya. Da farko sha'awa ce kawai, daga baya masu biki suka fara kawo mini aiki. Abin da ta jawo mini a gida ne ya sa na ɗauki biro.

Akwai ɗan ƙanena, shekararsa goma sha ɗaya, ba ya rabuwa da shagon. Ran nan ina zana sunan amarya a kan wani faifan katako da na ɗora bisa tiren silba, shi kuma ya sunkuya yana kallon yadda shuɗin hasken yake cin katakon. Tabaran rana ne a idonsa, kuma ni na ba shi da hannuna, ina ganin na yi dabara. Hasken ya zarce gefen katakon, ya bugi tiren, ya dawo. Yaron bai yi ko "wash" ba. Sai washegari a makarantar allo ya ce wa malaminsu duk harafin da ya zuba wa ido da idon dama ɓacewa yake, sai na gefe yake gani.

Likitan ido ne ya fahimtar da ni. Tantanin da ke can bayan ido, wanda hoto ke sauka a kansa, ba shi da jijiyar jin zafi, shi ya sa ƙunar ba ta da ciwo. Ido kuma tattara haske yake yi wuri ɗaya, kamar gilashin da yara ke ƙona takarda da shi a rana, har ƙarfin hasken ya ninka kusan sau 100,000 kafin ya sauka. Yanar ido ana cire ta mutum ya koma gani garau. Tabon ƙuna a tsakiyar wancan tantani ba a ɗinke shi. Watanni sun wuce, ganin yaron ya ɗan gyaru, amma ɗigon yana nan. Ƙanena bai ce mini komai ba, kuma shirun nasa ya fi faɗa ciwo.

Ƙarfin hasken na'urata wat 5 ne, wato miliwat 5,000. Tocilan leza da bai wuce miliwat 1 ba shi ne ƙiftawar ido ke iya kare mutum daga gare shi, domin ido yana ƙiftawa cikin kwatan sakan. Duk wadda ta haura miliwat 500 tana aji na 4, wato ajin leza mafi haɗari, kuma ita ko haskenta da ya bugi bango ya watsu yana iya yin illa. Tabaran rana kuwa ƙara ɓata lamarin yake, saboda duhunsa yana sa baƙin ido ya ƙara buɗewa. Na masu walda ma don wutar walda aka yi shi.

Tabaran leza na gaskiya yana da rubutu a jikinsa: lambar launin hasken da yake tarewa, da haruffan OD tare da wata lamba mai nuna yawan hasken da yake ragewa. Shuɗiyar leza irin tawa lambar launinta tana wajen nanomita 450, koriya 532, ja kuma 650. OD 4 yana rage haske sau 10,000. Tabaran da aka yi don ja ba zai tare shuɗi ba. Wanda ya zo a kwalin na'urata ko lamba ɗaya babu a jikinsa, na jefa shi a shara na yi odar biyu masu lamba, na kuma haɗa wa na'urar akwati mai murfi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali yanzu shi ne korayen tocilan nan da samari ke haskawa a wajen biki da gidan kallon ƙwallo. Duk mun ga fuskar Mohamed Salah cike da koren haske lokacin bugun fanareti a wasan Senegal da Masar a watan Maris na 2022, har FIFA ta ci Senegal tara. Wata biyu kacal kafin nan muka kalli Salah ɗin da idonmu a filin ƙwallo na Roumdé Adjia da ke nan Garwa. Yara sun ga abin a talabijin sun ɗauka burgewa ce. Tocilan nan masu araha sau da yawa ƙarfinsu ya fi abin da aka rubuta a jiki, wasu korayen kuma suna fitar da wani hasken da ido ba ya gani sam, balle ya ƙifta.

Roƙona, Malam, ku gayyato likitan ido a shirinku na lafiya kafin Sallah, lokacin da ake cika kasuwa da kayan wasan yara. A yi bayanin da Hausa da Fulatanci. In kuna so, zan kawo tiren da tabaran ranar a nuna masa.

Mai sauraronku a kullum,
daga unguwar Yelwa, Garwa